Fatar Rabbi

Jidda, 3 ga Maris, 1976

Zuwa ga ɗana Falalu, a Babura.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Batulu da yara. Ni lafiya lau nake. Idona na hagu ya daina ganin rubutu, amma na dama ya wadatar, kuma har yanzu ina koyarwa.

Saƙonka ya iso ta hannun Alhaji Dunoma: 'ya'yan rabbi biyu, dabbar dajin nan mai kama da damisa, domin in sayar wa attajiran Larabawa, da fatar uwarsu da ka ce in yi buzu da ita. Ɗaya ya mutu a hanya, cikin akurkin kajin da ka cusa su. Ɗayan ya kwana uku a ɗakina yana kuka kamar tsuntsu, cikinsa a kumbure da kunun da aka ɗura masa. Ni na binne shi.

Ina yarinya, sau biyu na ga rabbi yana bin barewa a dajin Gwiwa. Yau babu ko ɗaya, shi ne ka tsallaka Nijar ka harbe uwa mai shayarwa.

Fatar na mayar maka, ban yi sallah a kanta ba. Ka kuma ce in dawo gida ka riƙe ni. Na gode, na ga irin riƙonka.

Allah ya raya mini jikokina.

Mahaifiyarka,
Hajja Yagana