Tabon da Ke Bayan Cinyar Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Na rubuto ne don idan na kira ki kuka za ki sa mini, ni kuma ba ni da ƙarfin lallashi.

Auta ba shi da lafiya. Ya fi mako yana kukan ciwon kai, wuyansa ya sage, ko labule aka ɗaga sai ya rufe ido. Mamansa ta kai shi asibiti ina wurin aiki. Sun ɗebi ruwa a ƙashin bayansa, suka ce sanƙarau ne, amma mai sauƙin, na ƙwayar cutar bairas, wanda ke tafiya da kansa. Suka sallamo su da maganin ciwon kai.

Ni da ita kuwa ba ma magana. Watan jiya ta ga wani baƙin tabo kamar faɗin tafin hannu a bayan cinyarsa, ta ce bel na sa masa. Na rantse, ba ta yarda ba. Kin san ni da zuciya, haushi ya hana ni ko duba wurin. Yaron da nake ɗauka zuwa lambunan da nake yanke wa ciyawa don kawai yana son birgima a ciki, shi zan daka?

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Dogo

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida. Allah ya sa ƙafa ta yi sauƙi. Daga kan bencin asibiti nake rubuta wannan.

Jiya da safe Auta ya kurɓi ruwa, ruwan ya zubo ta gefen bakinsa. Rabin fuskarsa ya saki, idon hagu ya ƙi rufuwa. Likitar da ta karɓe mu ta ce sanƙarau na bairas ba ya cika daɗewa haka, kuma ba kasafai yake taɓa fuska ba. Ta ce akwai wani sanƙarau da cizon kaska ke kawowa, irin kaskar da ke ɓuya a cikin ciyawa, a farko kamanninsu ɗaya, amma shi sai an yi ta ɗura magani ta jijiya. Ta tambaya ko mun taɓa ganin wani tabo a jikinsa. Na ce akwai. Ta duba, ta ce shi ne alamar cizon kaskar, a farar fata ja yake fitowa kamar zobe, a irin tamu kuwa sai a ɗauka shatin duka ne.

Ashe sun yi wa mamansa wannan tambayar tun zuwan farko, ta ce babu. Har dogon wando ta sa masa ranar, kuma da suka zo ɗibar ruwan ita ta riƙe ƙugun wandon da hannunta. Wai kada su gani su ce ina dukan yaro, a kira mini hukuma. Asirina ta rufa, Yaya, a kan laifin da ban yi ba. Na rasa ko in gode mata ko in tsane ta, kuma tsoro nake ji sosai.

Likita ta ce da sun ga tabon da tuni an fara maganin. Tana sa ran zai tashi, amma fuskar ta ƙi yi mana alkawari. Idan zai yi barci da filasta ake manne masa idon. Ya hana nas taɓa shi, ya ce sai dai babansa, don hannuna ba ya zafi. Mamansa na tsaye ta ji. Ta fita, har yanzu ba ta shigo ba.

Ki zo idan ƙafa ta bar ki.

Ƙanenki,
Dogo