Kwalbar Habbatussauda

Hay el-Sabi', Alƙahira

Zuwa ga Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ki gaishe mini da Inna, amma kada ki karanta mata wannan.

Kin yi ƙorafi ba na ɗaukar waya. Ina ganin kiran, Yaya. Idan na ɗauka, "lafiya lau" kawai ke fita daga bakina, ke kuma ki ji haushi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Hajiya Bakhita za ta kawo miki idan ta zo Kano da abayoyinta.

Farfaɗiyar 'yata Mawada ba ta ragu ba. Yarinyar ta cika shekara huɗu, magani kala biyu take sha, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ba ta yi ba. Da can idan abin ya kama ta ihu nake yi har maƙwabta su cika falo. Yanzu sai in kwantar da ita a gefenta, in janye tebur, in jira. Ranar nan na lura ina riƙe da kafaɗarta da hannu ɗaya, ɗayan yana tsintar shinkafa. Ban ji komai ba. Ko tsoron rashin jin ma ban ji ba.

Likitarta, Dakta Mahasin, Basudaniya ce, amma tana jin Hausar kakarta. Ta ce a wasu ƙasashe ana ba yara masu irin wannan farfaɗiyar wani mai da ake kira CBD. Daga ganyen dangin wiwi ake tace shi, ana cire abin da ke sa maye. Ta ce wasu yaran suna samun sauƙi, wasu ba sa samu. Ana auna shi da nauyin yaro, a fara da kaɗan, a riƙa duba jini saboda hanta. Sannan ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, a nan ba za ta iya rubuta mini shi ba, kuma duk abin da ya fito daga wannan ganyen rigima ce da hukuma.

Na gaya wa maigidana Malam Harun. Kin san shi da karatunsa na fiƙihu. Kalmar wiwi kawai ya ji, ya ce khalas, zance ya ƙare, kada in ƙara tayar da maganar a gidansa. Ba mugu ba ne. Shi ke ba Mawada maganin safe idan ya dawo daga sallar asuba, don in samu in ɗan runtsa, ya bi ta da cokali ɗaya na man habbatussauda, ya tofa mata addu'a.

Ba wani abu nake nema ba. Na rubuta ne kawai. Idan da hali ki aiko mini da kuka da daddawa.

Ƙanwarki,
Fatimatuzzahra

*

Kano

Zuwa ga ƙanwata Zahra'u,

Wa alaikumus salam, 'yar Inna. Takardarki ta same ni ina tsakiyar dafa turaren wuta, na karanta a tsaye, har tukunyar ta kama. Kowa lafiya, Inna tana gaishe ki, ban karanta mata ba.

Wallahi kin sa ni kuka. Ke da ko kaza aka yanka sai kin rufe ido? Kuma ki ce mini ba wani abu kike nema ba! To ni na nema miki.

Ɗan maƙwabciyata da ke Ingila ya kawo wa uwarsa wannan man na CBD saboda ciwon gwiwa. Ta ɗiga sau ɗaya ta ce ɗanɗanon ciyawa yake yi, ta jefa shi a durowa. Na je na yi mata daɗin baki ta ba ni.

Yanzu ki ji dabarar yayarki. Kwalbarsa har da hoton ganyen a jiki, ɓaro-ɓaro, ko makaho ya shafa zai gane. Sai na wanke 'yar kwalbar habbatussauda tas, na shanya ta, na juye shi a ciki. Abin dariya, a jikinta an rubuta daga Masar aka yo ta, kin ga gida ta koma. Na cusa ta tsakanin kuka da daddawa da yajin da Inna ta daka miki. Hajiya Bakhita ba ta san komai ba, kuma gara haka. Wa ke tambayar abin da ke cikin saƙo? Tun muna yara haka ake yi, a ƙulle a ba matafiyi, ya kai ya ce ga shi.

Kada ki ɓoye kwalbar a cikin kayan sawa, nan ne ake gano abu. Ki ajiye ta a fili a kan kanta, cikin kayan miya. Babu gidan Musulmin da za a ga habbatussauda a yi tambaya. Malam kuwa ki bar shi da littattafansa, idan yarinya ta warke ma gaya masa, ya nemo mana fatawar daga baya.

Ki tambayi likitar taki ɗigo nawa, ki fara da bismillah. Ni jikina ya ba ni wannan ne. Ki sumbaci Mawada, ki ce Umman Kano tana ɗinka mata riga.

Yayarki mai ƙaunarki,
Sabuwa

*

Hay el-Sabi', Alƙahira

Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Daddawar ta yi daɗi. Hajiya Bakhita ta hawo mana da shi har hawa na huɗu tana haki, ta sha ruwa, ta yi wa Mawada wasa. Ina kallonta ina tunanin abin da zai same ta da an buɗe ƙullin a filin jirgi. Na yi mata godiya kawai.

Na ɗibi kaɗan a murfi na je wurin Dakta Mahasin. Da na faɗa mata ko mene ne, sai ta tashi ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ina kwalbarsa ta asali?" Na ce tana Kano. Ta ce, "Ya Zahra, ɗigo ba ma'auni ba ne. Wani man ɗigonsa ɗaya ya fi goma na wani. Takardar jikin kwalbar ce ke faɗar ƙarfinsa. Kuma na kasuwa ba irin tataccen da ake ba yara ba ne, wani ma yana da abin mayen a ciki. Ga shi yana karo da magungunan da take sha, zai iya nauyaya mata barci, ya taɓa hanta. Ko da takardar a hannuna ba zan ce ki ba ta ba. Balle babu."

Na ce tamam, na ji. Na hau mikrobas, ƙaramar bas ta haya, na dawo. Kwalbar tana kan kanta inda kika ce, tsakanin kuka da yaji. Ban ba Mawada ba, ban zubar ba. Kallonta ma ba na yi.

Sai ga wani abu. Kwanakin nan farfaɗiyar ta ɗauke. Ban san dalili ba, wataƙila ƙarin da aka yi wa maganinta na asibiti ne ya fara aiki. Mawada barci take yi sosai. Ina tashinta ta ci loma biyu, kanta ya langaɓe, ta koma. Cikinta ya ɗan ɓaci. Malam yana ta alhamdulillah, har sadakar burodi ya yi a ƙofar masallaci.

Ya kamata in yi murna, ko ba haka ba? Na nemi murnar ban same ta ba. Abin da na yi shi ne barci. Na kwanta kusa da ita da rana tsaka na yi barcin da rabona da shi tun kafin a haife ta. Da na farka na wanke labulen falo.

Ki gode wa maƙwabciyar taki duk da haka. A gaida Inna.

Zahra'u

*

Bismillahir Rahmanir Rahim

Daga Harun, zuwa ga Yaya Sabuwa, Allah ya kiyaye ta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan haka, ina gaishe ki, ina gaida Inna da Alhaji da dukkan iyali. Daga asibiti nake rubutawa. Zan ɗauki hoton takardar in turo ta waya, saboda ba abin jira ba ne, kuma ba na so in yi magana da baki in faɗi abin da zan yi nadama.

Mawada tana kwance. Mun tashe ta ta ƙi tashi, muka ɗauko ta. Tana numfashi, walillahil hamdu, amma an ce gwajin hantarta ya hau sosai. Dakta Mahasin ta tambaye mu duk abin da ya shiga bakinta. Na lissafa, na ce sai habbatussauda cokali ɗaya kowace safiya. Na ce tawa ta ƙare, na ga wata a kan kanta cikin saƙon gida, na ci gaba da ita. Har na ji daɗi, domin ba ta da yaji, yarinyar tana haɗiyewa ba ta tofarwa. A nan ne 'yar'uwarki ta zauna a ƙasa, a gaban likita, ta gaya mini abin da ke cikin kwalbar.

Rabin kwalbar ya tafi. Da hannuna na ba ta, da bismillah, ina tofa mata addu'a.

Ba na neman wanda zan ɗora wa laifi a yau. Ni na rufe ƙofar magana a gidana, aka bi ta taga. Da na saurara, da na je wurin likitar na tambaya, da na san malamai da yawa suna bambanta magani da abin maye, kamar yadda na karanta ban kuma tsaya na duba ba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Buƙatata ɗaya ce. Likita tana son ganin takardar kwalbar asali, don ta san ƙarfin abin da yarinyar ta sha da abin da ke cikinsa. Don Allah ki ɗauki hotonta, gaba da baya, ki turo da gaggawa.

Fatimatuzzahra ba ta yi kuka ba. Tana zaune a bakin gado tana ninke tawul ɗaya tana warwarewa. Ku sa mu a addu'a.

Wassalamu alaikum,
Harun

*

Kano

Malam, Zahra'u,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kwalbar tana nan. Amma kun san sana'ata, ba na ganin kwalba mai kyau in jefar. Ranar da na juye man na jiƙa ta a ruwan zafi tare da sauran, na kankare takardar da wuƙa, na zuba humra. Tana cikin waɗanda na jera zan kai gidan biki. Na ɗauko ta, ga ta a gabana, fes, ko harafi ɗaya babu.

Na ruga gidan maƙwabciyata ko mayafi ban yafa daidai ba. Ta ce kwalin tuni aka hura wuta da shi. Mun kira ɗanta. Ya ce a wani shago ya saya, bai riƙe sunan ba, ya dai ce wa mai shagon ya ba shi mai ƙarfi saboda gwiwar tsohuwa.

Mai ƙarfi. Iyakar abin da na samo muku ke nan.

Malam, ka yafe mini. Zahra'u, ki zage ni, ki kira ni ki zage ni, na fi son haka. Ni na ce ki ajiye ta a fili. Har yanzu ban gaya wa Inna ba. Don Allah ku gaya mini Mawada ta buɗe ido.

Taku,
Sabuwa

*

Hay el-Sabi', Alƙahira

Yaya,

Assalamu alaikum. Ta buɗe ido. Ta nemi ruwa. An sallame mu, kuma an ce hantar tana komawa daidai. Ba zan zage ki ba, ba ni da ƙarfin.

Farfaɗiyar ta dawo kamar da. Na tambayi Dakta Mahasin ko man ne ya tsayar da ita a kwanakin nan. Ta ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ba shi ba ne, babu yadda za a sani. Ta ce za ta rubuta wa wani likita a waje ko akwai hanyar samun tataccen bisa ƙa'ida, amma kada in sa rai da wuri.

Jiya abin ya kama Mawada a falo, ya daɗe. Da ya sake ta, na shiga kicin na tarar da Malam a tsaye, kwalbar a hannunsa. Bai juyo ba. Ya ce, "Zahra, idan ba cokali ba, idan ɗigo ne fa? Ɗigo nawa?"

Na ce ban sani ba. Na karɓe ta daga hannunsa na tuttular a wurin wanke-wanke, na sakar mata ruwa. Da na bar ta, wata safiyar ɗayanmu zai ba Mawada. Bai hana ni ba. Shi ya yi kuka, ni na wanke tukwane.

Kwalbar tana cikin saƙon da Hajiya Bakhita za ta kawo miki. Na wanke ta tas. Murfinta yana rufuwa da kyau, za ta yi miki humra.

A gaida Inna.

Zahra'u