Mun Je Hutu Bakin Teku, Masunta Sun Ƙwace Mini Miji

Assalamu alaikum Ummu Yasir. Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin in yanke hukuncin da zan zo ina da-na-sani. Kaina ya ɗaure, kuma duk wanda na kai wa maganar cikin 'yan'uwana dariya yake yi mini. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ko a gida an san ban iya taƙaita zance ba.

Ni 'yar Nizwa ce, gari ne cikin duwatsu nesa da teku, nan aka haife ni, nan aka yi mini aure, kifi kuwa sai busasshe ko wanda mota ta kawo cikin ƙanƙara. Mun haura shekara talatin da maigidana Abu Hilal, amma wallahi ban tuna ranar da muka ci abinci mu biyu kaɗai ba. Da surukata ce, Allah ya jiƙanta, sai ƙannensa, sai 'ya'yanmu, yanzu ga jikoki. Butar gahawar gidanmu ba ta taɓa hucewa ba. Da ya yi ritaya bara, autarmu kuma ta tare gidan mijinta, sai na ce to, yanzu nawa lokacin ya zo. Na ce masa mu je bakin teku mu huta, inda ba wanda ya san mu, ba mai ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ya ce, "Duk yadda kika ce, Ummu Hilal." Amsarsa ke nan ga komai tun ranar da aka kai ni gidansa.

Ɗanmu Hilal ya samo mana gida a wani ɗan ƙauyen masunta da sanyin bara. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kar masu karanta filinki su je su cika shi. Masallaci ɗaya, kanti ɗaya, awaki suna kwance a inuwar jirage, ƙofar gidan kuma tana kallon ruwa. Da na sauka daga mota na ce alhamdulillahi, abin da nake nema ke nan.

To, ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke. Kwanakin farko mukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, in kawo gahawa da dabino, mu zauna. Ya kalli teku ya kalla, can ya ce, "Ruwa da yawa." Na ce, "Da yawa kam." Sai shiru. Can kuma ya ce, "Ko Hilal ya tuna da ban ruwan gona?" Na ce zai tuna. Shi ke nan, zance ya ƙare, ga rana ko tsaka ba ta yi ba. Ummu Yasir, tsoro ya kama ni. Mutumin da na haifa wa 'ya'ya shida, ashe in aka cire 'ya'ya da baƙi da ciwon gwiwa ba mu da abin da za mu ce wa juna.

Ana haka wata safiya yana dawowa daga sallar asuba ya tarar da mutanen gari sun yi layi a kan yashi suna jan taru, babbar ragar nan ta kamun kifi, suna waƙarsu. Ya tsaya kallo da farar rigarsa da na turara masa da lubban. Wani dattijo, Mubarak, shi ne mai tarun, ya ɗaga murya ya ce, "Kai baƙo, ido ba ya jan taru! In za ka kama ka kama, in ba haka ba ka matsa, kana tare mana iska!" Abu Hilal, wanda ko kujera ba ya jawowa da kansa a gida, ya naɗe hannun riga ya kama igiya.

Ashe a garin duk wanda hannunsa ya taɓa igiyar taru yana da rabo a kifin, ko da wucewa yake yi. Kuma ba a cewa a'a. Ya yi ta cewa shi don Allah ya taimaka, Mubarak ya ce, "Mu ma don Allah muke ba ka. Ko kifin namu ne bai yi maka ba?" Haka ya shigo mini gida da ƙananan kifi cike da gaban rigarsa, ruwa na ɗiga, baki har kunne, yana cewa, "Ummu Hilal, fito ki ga gumina!" Duk shekarun da ya yi yana aikin ofis bai taɓa kawo mini wani abu da irin wannan alfahari ba.

Ni kuma me zan yi da kifin da ya ishi gidan biki? Na zuba rabi a faranti na kai wa maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai suna Shamsa. A nan allura ta tono garma. Na sani sarai ba a maido da faranti haka nan ba komai a ciki, mu ma a Nizwa haka muke, amma na ɗauka baƙon 'yan kwanaki ba ya cikin wannan. Kafin azahar farantin ya dawo da shinkafa da gasasshen kifi. Na mayar da shi da alewar da na zo da ita daga gida. Ya dawo da gurasa mai zafi, wannan karon Shamsa da kanta tana biye da shi. Ta same ni ina fama da kifi a bakin famfo, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "'Yar dutse, kawo wuƙar nan. Kifin nan ya riga ya mutu sau ɗaya, kar ki sake kashe shi." Ta zauna, kuma in gaya miki gaskiya ba ta tashi ba har muka bar garin.

Daga nan hutu ya ƙare. Na je suna, na je gaisuwar rasuwar mutumin da ban taɓa gani ba, na je yi wa wata barka da dawowa daga Umra, har lalle na kwaɓa wa amaryar da ban san sunan angonta ba. Na gudo daga baƙin Nizwa na faɗa hannun na bakin teku, an gudu ba a tsira ba. Shi kuwa gogan abin nema ya samu. Da asuba yana wurin taru, da hantsi yana inuwar jirgi wai yana koyon ɗinkin raga, hannu duk kanta. Amma ya daina ƙorafin barci, ya daina karanta takardar cikin kwalin magani. Yana shigowa zai fara, "Kin san abin da Mubarak ya yi wa ƙaninsa yau a kan injin jirgi?" Ya kwaikwayi tafiyar wannan, ya kwaikwayi muryar wancan, ni ma in ba shi na gidan Shamsa. Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi dariya har da riƙe ciki. Ban san ya iya kwaikwayon mutane ba.

Sai dai ga abin da ya tsaya mini a wuya. Ana gab da komawarmu na ce masa bayan la'asar mu taka bakin ruwa, mu biyu. Na sa mayafina mai kyau. Ya cire takalmi, muka fara tafiya, har ya soma ba ni labarin ranar da ya fara ganin teku yana yaro, labarin da ban taɓa ji ba. Bai kai ƙarshe ba Mubarak ya ƙwala kira daga nesa, "Abu Hilal! Zo ka sa kafaɗa, jirgin nan ya ƙi hawa!" Ya miƙo mini takalmansa ya ce, "Riƙe mini, yanzun nan." Na tsaya a wurin riƙe da takalmin namiji har aka kira magariba. Na yi kuka, kukan haushi. Da ya dawo ya ga idona ya tambaya, na ce yashi ne ya faɗa mini.

Yanzu sanyi ya kusa. Mai gidan da muka sauka bara ya bugo waya yana tambaya ko za mu dawo, yana son amsa kafin ƙarshen wata, Mubarak kuma ya aiko wai gurbin Abu Hilal a jikin igiya yana nan. Na tambayi Abu Hilal, ya ce duk yadda na ce. Amma na ga sabon takalmin roba da ya saya ya ɓoye a bayan mota. Yayata Zuwaina ta ce, "Ke ma da neman wahala kike. Ja shi otal a birnin Maskat, can saman bene, ya ga tekun ta gilashi, mu ga ta inda zai kama igiya." In na bi ta Zuwaina ina tsoron shirun nan ya dawo, ga shi ba Shamsa ba taru da za su cece mu. In na koma ƙauyen kuma, na san masunta zan kai wa mijina. Ni dai so nake in samu mutumin nan ni kaɗai kafin ɗayanmu ya riga ɗaya. Ya zan yi?

Mai Riƙon Takalmi, Nizwa.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Na yi dariya a farkon wasiƙarki, da na zo ƙarshe kuma na daina. Abin da kike so ba shagwaɓa ba ce. Matar da ta shekara talatin tana zuba wa baƙi gahawa, in ta ce tana son mijinta ya zauna ya dube ta, haƙƙinta take nema. Barin ki da ya yi a tsaye bai kyauta ba, ko da jirgi goma ne suka ƙi hawa.

Amma mu duba nasa ɓangaren. Namijin da ya yi ritaya yakan wayi gari ya ga ba mai jiransa a ko'ina. Gona tana hannun ɗa, gida yana hannunki. Sai ga wasu sun kira shi da suna sun ce muna bukatar kafaɗarka. Ba gudunki ya yi ba, wurin da ake nemansa ya tafi. Ki kuma lura da inda yake kai labaran in ya kwaso su. Bai zauna ya ƙarar da su a inuwar jirgi ba, gida yake zuwa da su wurinki.

Shirun kwanakin farko kada ya firgita ki. Ba ku saba ba ne kawai. Hirarku tun farko a kan wasu take, yau yaro ba lafiya, gobe bikin wance, sai aka wayi gari an ɗauke muku wasun gaba ɗaya. Shi ya sa ban goyi bayan shawarar Zuwaina ba, duk da na san don ke ta faɗa. A otal za ki same shi ke kaɗai, gaskiya ne, amma za ki samu mutumin da aka hana abin da yake so, kuma ya san ke kika hana. Wannan shirun zai fi na bara nauyi.

Ku koma ƙauyen, amma da sharaɗi. Safiya tasa ce, ya ja tarunsa har ya gaji. Daga la'asar zuwa magariba naku ne, ko jirgin wa ya maƙale. Kada ki ɗora masa shi kaɗai aikin cewa a'a, mutum mai kunya irinsa ba zai iya da Mubarak ba. Ki faɗa wa Shamsa abin da ke ranki, mace da mace. Tsohuwar da ta iya ƙwace miki wuƙa za ta iya tsare miki ƙofa, kuma kafin yamma duk garin ya ji. Batun faranti kuwa, al'ada ta ce kada ya koma haka nan, ba ta ce lallai ya koma a ranar ba. Ki bar shi ya kwana biyu a wurinki, ba wanda zai ce kin yi rowa.

Sai wanda ya fi duka, kuma a nan ke ma da naki. Kin ce masa yashi ne, shi kuma ya yarda, don haka har yau bai san ya ɓata miki ba. Shi yana ɓoye takalmi, ke kina ɓoye hawaye, kowa wai yana kyautata wa ɗan'uwansa. Kafin ku ba mai gidan amsa, ki zaunar da shi ki gaya masa abin da ya faru a bakin ruwan nan, ba da faɗa ba. In ya fake da cewa ke za ki zaɓa, kada ki karɓa, ki ce yau kam nasa bakin kike son ji.

Sannan ki faɗa masa abin da kika faɗa mini a ƙarshen wasiƙarki, da bakinki, kina kallonsa. Ki ce ba teku kika je gani ba, shi kika je nema. Ina kyautata zaton tun da yake a duniya ba wanda ya taɓa gaya masa haka, kuma bai kamata a ce ni da masu karatu mun riga shi ji ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya ƙara muku shekaru masu albarka tare, ya sa ku tsufa kuna jin daɗin zama da juna.

Ummu Yasir.