Ɗan Ƙwallon Da Ba Ya Taɓa Ƙwallo

Balsall Heath, 6 ga Maris, 2006

Falalu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Habibatu da yara.

Bayan haka, na ji kai ka hure wa yaron nan kunne, wai ya jingine karatun haɗa magunguna ya tafi ƙasar waje gwajin ƙwallon Amurka. Ranar Asabar na je filin wasan jami'arsu da ƙafata. Wannan dambe ne da hular kwano. Har aka tashi bai taɓa ƙwallon ba, sai tunkuyi kamar ragon layya. Wannan ne gwanin naka? Fasfonsa yana hannuna, nan zai zauna. Ka ji tsoron Allah.

Yayarka, Rabi'a

Manchester, 9 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam, tare da gaisuwar girmamawa.

Ai aikin Ubaidullah ke nan: ya tare, wani ya gudu da ƙwallon. Katanga ce shi. Kocinsu ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Na sani ɗan fari ne, ko sunansa ba kya kamawa, balle ki yabe shi. Amma Turawan gwajin ba su san kunya ba, ƙarshen wata za su rufe. Ki taimaka da fasfon.

Ƙanenki, Falalu

Balsall Heath, 13 ga Maris

Falalu,

Bayan gaisuwa. Ba kunya ba ce, ido ne. Kai da ko bas ɗin Oxford Road ba ka iya bi da gudu, yau ka zama masanin wasa. Katanga! Shekara ashirin na yi ina tarbiyya don in haifi katanga? Koci kuwa da baki kawai ya faɗa, ba shi zai yi jinya ba in an karya masa gwiwa. Na koma filin, don in tabbatar da shirmen. Kada ka sake rubuto mini a kan wannan.

Allah ya shirye ka.
Rabi'a

Balsall Heath, 27 ga Maris

Falalu,

Sallama. Ga fasfon. Kai za ka kai shi, kai za ka dawo da shi kafin jarrabawa. Shirme dai shirme ne.

Amma wanda ya kayar da shi jiya ta baya ya zo masa, alƙalin makaho ne. Ta gaba, mako uku ina kallo, babu wanda ya wuce yaron nan.

Ka gaida Habibatu.
Rabi'a