Kaset ɗin da Malam Idi ya ajiye mini

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin a sakaya sunana, don a Dogarawa ko tari na yi an san ni ne. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a.

Abin ya faro ne cikin shekarun casa'in, lokacin ina sabon aure ina ɗinki a kasuwar Konni. Surukina Alhaji da amininsa Malam Idi kullum bayan la'asar suna ƙarƙashin bishiyar bedi, kowa da rediyonsa, kowa da tashar Hausar da ya yarda da ita. A lokacin maganar Isra'ila da Falasɗinawa ce a bakin kowa, yau a ce an yi sulhu, gobe a ce ya watse. Tashar Alhaji sai ta fara da cewa sojoji sun buɗe wuta, samari suka rama. Ta Malam Idi kuma ta fara da cewa an kai hari, sojoji suka mayar da martani. Rana ɗaya, gawarwaki ɗaya, amma kowacce da inda take ɗauko zaren. Tsofaffin nan har goro suka daina raba wa juna a kan wa ya fara.

Shi Malam Idi mutum ne mai rubuta wa tasharsa wasiƙa, an sha karanta sunansa, har suka aiko masa da kalanda da hula. Nan fa zargi ya shigo. Mutane suka fara cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, me ya yi musu da za su ba shi hula.

Wata rana gardama ta yi zafi, Alhaji ya sa aka kira ni, wai ni na yi lakwal, wato makarantar boko, a kamo tashar Faransanci in raba su. Malam Idi da kansa ya murɗa rediyonsa mai cin kaset ya miƙo mini. To ga gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata. A aji shida na bar lakwal, kuma baturen da ke karanta labaran gudu yake kamar ana korarsa. Ban da sunayen ƙasashen biyu da maganar tsagaita wuta, ban tsinci komai ba. Na ɗaga kai, ga mutum ya fi ashirin suna kallona, ga surukina. Sai na gyara murya na ce bature ya ce sojoji ne suka karya sulhun, daidai yadda tashar Alhaji ta faɗa.

Malam Idi bai musa ba. Ya dube ni ya ce, "Haka yac ce, ɗana?" Na ce haka ya ce. Ya ɗauki rediyonsa ya tafi.

Daga ranar ya zama abin nuni. Aka ce an saye shi da hula, aka daina kiransa sasanci, in ya iso majalisa sai a sauya zance. Har Alhaji ya rasu ba su koma kamar da ba. Ni kuwa sunana ya hau, aka ce yaron nan ba ya tsoron faɗin gaskiya. Yau in an yi rikicin iyakar gona ni ake nema shaida, kuma maganata ake yanke hukunci da ita. Abin yana cina, amma na iya shiru.

Shekaranjiya jikar Malam Idi, wadda ke koyar da Faransanci a Malbaza, ta same ni a shago. Ta ce kakanta, wanda yanzu ba ya gani, ya ji an sake tayar da maganar tsagaita wuta a waya, kowane ɓangare na cewa ɗayan ne ya ƙi, sai ya tuna da ni. Saƙonsa shi ne, "Ki ce mashi ranar nan na danna kaset na ɗauki maganar bature, yana nan cikin adaka. Shi taho Juma'a bayan masallaci mu saurara tare, ke ki fassara muna."

Tun lokacin ban da sukuni. In da gaske akwai kaset, me ya sa ya yi shiru shekara talatin ana zaginsa? Ko babu komai a adakar, so yake in tona kaina da bakina? Kuma me ya sa sai bayan masallaci, lokacin da zaurensa ke cika? Yarinyar ma na lura ba ta haɗa ido da ni ba, ina zargin ta riga ta saurara. Wani zubin zuciyata ta ce in yi shiru in je, wataƙila ma baturen abin da na faɗa ya faɗa, tunda ni kaina ban sani ba.

Ƴan uwa, in je wurinsa ni kaɗai kafin Juma'a in ce Malam ban ji komai ba ranar nan, ko in jira kaset ya yi magana? In na faɗa, duk shaidar gonar da na taɓa bayarwa za ta zama abin tuhuma. In kuma kaset ya goyi bayana, na tsira a idon mutane, amma shi zai koma maƙaryaci karo na biyu, a zaurensa, a gaban jikarsa. Ku faɗa mini wanne zan ɗauka.