Babana ya ba da haƙuri kan laifin da ban yi ba

Salama gare ku 'yan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya tsaya cak.

Ina aiki a wani kamfanin sayen hatsi a Funtuwa, ni ke duba masara kafin ta shiga sito, in ba ta bushe ba in mayar da ita. Kwanakin baya aka tarar wasu buhuna sun ruɓe. Ranar da suka shiga ba na nan, na kai matata asibiti a Malumfashi, kuma da izini na tafi. Ba wanda ya nemi jin ta bakina, takardar gargaɗi kawai aka miƙo mini. Ko fushi ban ji ba, na ninke ta na sa a aljihu na koma bakin sikeli.

Wakilin ƙungiyar ma'aikata ya ce an tauye ni, haƙƙina ne a saurare ni kafin hukunci, kuma zan iya ɗaukaka ƙara gaban kwamiti. Ya ce in na bar takardar a fayil ɗina, bana ba za a mayar da ni ma'aikacin dindindin ba, kuma da na ƙara tuntuɓe kora ce.

To a waya na ba Babana labarin, don dai in rage nauyin ƙirjina. Baba manomi ne a Kafur, a wurinsa in babba ya yi fushi ba a ja da shi, dattawa ake turawa. Bai faɗa mini ba ya ɗauki wani dattijon cocinmu, suka ɗaure zabi a bayan babur, sai gidan manajan kamfaninmu. Baba ya cire hula ya durƙusa, ya ce yaro ne ya yi kuskure, a yafe masa.

Washegari manaja ya kira ni yana ta fara'a, ya ce shi a ransa ya yafe, amma gargaɗin na nan, tunda mahaifina da bakinsa ya amsa laifin. In kuma na dage sai kwamiti, za a kira tsohon ya maimaita. Ke nan dole in tsaya a gaban Baba, cikin mutane, in ce bai san abin da yake faɗa ba.

Jiya Baba ya bugo, muryarsa cike da daɗi.

"Ka gani ko? Na kashe maka wutar. Sai ka riƙe aikinka da kyau."

Na ce na gode, Baba. Na ajiye wayar.

Juma'ar nan damar ɗaukaka ƙarar za ta wuce. Masu sanin dokar aiki, ban haƙurin da wani ya yi a madadina yana zama amsa laifi? Ku kuma masu iyaye, in je in wanke kaina, ko in bar tsohon da farin cikinsa?