Tiren Fatur da Akwatin Mudir

Gadarif, 14 ga Disamba, 1994

Zuwa ga Yaya Aliyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Hajjo da yara, da fatan zaman Jidda yana yi muku daɗi. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdulillahi. Mahaifiyarmu Hajiya ta samu sauƙin gwiwa, har ta je Mafaza biki ta dawo. Riɗi ya yi kyau bana, sai dai ni raina a ɓace yake, kuma ba ni da wanda zan amayar wa sai kai, tunda a wannan masana'antar tace riɗi ka yi shekara tara kafin ka tafi.

Ka tuna tiren fatur, karin kumallonmu na ƙarfe goma, da muke kewaye shi da dafaffen waken ful da burodi, daga mudir, wato manaja, har mai shara? Ka san dokarsa: abin da aka faɗa a kan tire ba a kama mutum da shi. A nan mai kuskure yake faɗin kuskurensa, a yi masa dariya, a nuna masa gyara. Kai kanka a nan Baba Iliya makanike ya koya maka jin ciwon inji da kunne. To, an cire tsohon mudir ɗinmu Taha, an turo wani Abdelrahman daga Hartum. Bai taɓa riƙe buhun riɗi ba, amma yana da mutane a sama, ya kuma yi kwas na wata uku a kan shugabanci. Ranar farko ya tara mu ya ce wurin aiki iyali ɗaya ne, kuma dole ya zama makaranta. Mako na biyu ya soke tire, wai ɓata lokaci ne, kowa ya ci nasa a gefen injinsa. A madadinsa ya kafa wani koren akwati mai kwaɗo, ya ce duk mai shawara ya rubuta ya jefa. Yaya, rabin mutanenmu ba sa rubutu!

Farkon kaka Baba Iliya ya ji sautin injin ya sauya, ya gane rariyar ciki ta yage, yashi yana bin riɗi. Da can sai ya faɗa a kan tire, kafin azahar an gyara. Yanzu ba a tsayar da inji, ba a fitar da sabuwar rariya daga sito, sai da sa hannun mudir. Sau uku tsohon nan yana zuwa ofis, ƙofar da aka rubuta a jikinta cewa a buɗe take ga kowa, sakatare yana mayar da shi da cewa ya bi ta akwati. Sai ya zo wurina a ma'auni, ya faɗa, na rubuta masa da hannuna, muka jefa tare. Akwatin nan ya yi mako biyar ba a buɗe shi ba.

Makon jiya aka dawo mana da mota uku daga tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, masu saye sun ƙi karɓa saboda yashi. Sai a ranar mudir ya nemo makullin. Na zaci idan ya ga takardar kunya za ta kama shi. Ina! Laifi tudu ne. Ya ce Baba Iliya ne ya yi sakaci, wai kuma tsohon ya jefa takardar ne bayan motocin sun dawo don ya wanke kansa. Ya dakatar da shi, mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana shaƙar ƙurar wannan wuri. Na ga tsohon yana naɗe ƙarafunansa a tsumma. Wallahi sai da na juya baya don kada a ga idona.

Shekaranjiya mudir ya kira ni, domin ya gane rubutuna, kuma ni da wautata ban sa kwanan wata a takardar ba. Har shayi ya sa aka kawo mini. Ya ce kwamitin bincike zai zauna ranar Asabar, abin da yake so kawai in ce ranar da motoci suka dawo na rubuta. Ya tuna mini cewa ana sallamar mutane yanzu da sunan maslahar jama'a, ba a tambayar dalili, kuma ya san ina da 'ya'ya shida. Duk wannan da murmushi, a ƙarƙashin allon da ya rubuta gaskiya da amana. Na ce zan yi tunani, na fito na bar masa shayinsa.

Na gaya wa uwargidana Ummusalama. Na ɗauka za ta ce in yi haƙuri saboda yara, sai ta ce ita ba za ta dafa abincin da aka saya da mutuncin tsoho ba. Jiya da ƙarfe goma ta aiko da babban tirenmu na biki cike da ful. Na ɗauke shi na fita bakin ƙofar masana'anta, gindin darbejiyar da Baba Iliya yake wuni tun da aka dakatar da shi, don ya kasa zaman gida. Mutum goma sha ɗaya suka biyo ni, mudir yana kallonmu ta taga. Muna cikin ci tsohon ya ɗaga hannu, ya kasa kunne ta katanga, ya ce a gaya wa mai injin na biyu bel ɗinsa ya kusa tsinkewa.

Saboda haka ranar Asabar zan faɗi ranar da na rubuta takardar, da makonnin da ta yi a akwati. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ka sa ni a addu'a idan ka shiga Harami. Amsar wannan wasiƙa kuma ka aiko ta gonarmu ta Mafaza, kada ka aiko ta masana'anta, don ban san ko za ta same ni a can ba.

Hajiya tana sa maka albarka. Ummusalama da yara suna gaishe da Yaya Hajjo da 'yarku Amira. Baba Iliya ya ce in tambaye ka ko kunnenka yana nan.

Ƙaninka,
Wada